Tabarau mai kamara da ekutar marar waya: amsar tambayar samarinmu, da abin da ke bayanta



Akwai wata tambaya da ke yawo a fadodin shayi da shagunan masu gyaran salula: wai ana iya haɗa ekutar marar waya, wanda 'yan uwanmu na ƙetaren kogi ke ce wa iyafis, da tabaraun nan na zamani mai ɗaukar hoto da amsa kira? Wasu sun gan shi a TikTok, wasu a fuskar wani da ya dawo daga tafiya. Bai yi yawa a garinmu ba tukuna. Amma mun san yadda kaya ke iso mu: yau a hannun mutum ɗaya, baɗi a tebur ɗin mai sayar da caja. Haka salula mai shafawa ta yi mana. Don haka bari mu ba da amsa, sannan mu yi maganar da ta fi amsar muhimmanci tun abin bai cika kasuwa ba.

Da farko mu rarrabe kayan, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai araha, wanda ba komai ba ne illa ƙananan lasifika biyu da makirfo da aka saka cikin ƙafafun tabarau. Aikinsa kira da sauraro kawai. Akwai mai kamara, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne Ray-Ban Meta, da kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp ya fitar a watan Oktoba na 2023 tare da kamfanin da ke ƙera tabaraun Ray-Ban. Yana da kamara mai megafiksel 12, makirfo biyar, da lasifika kusa da kunne. An fara sayar da shi a kan dalar Amurka 299, kuɗin da ya haura jika 150 na sefa tun kafin a sa na sufuri da ribar ɗan kasuwa. Sai iri na uku, mai nuna hoto a cikin gilashin kamar ƙaramin talabijin. Da yawa daga wannan irin ana jona su ne da salula ko kwamfuta ta igiya.

Abin ba jiya aka fara shi ba. Kamfanin Google ya fitar da nasa a 2013 a kan dala 1,500, mutanen Amurka suka ƙi jinin ganin kamara a fuskar wanda suke hira da shi, wasu gidajen abinci da na sinima suka hana shiga da shi, a farkon 2015 aka daina sayar wa jama'a. Bambancin na yanzu shi ne ya yi kama da tabarau na kowa. Wannan kamannin ne ya sa ya karɓu, kuma shi ne abin da ya kamata ya dame mu.

To, batun haɗawa. Bluetooth hanya ce ta rediyo mai gajeren zango, wajen mita goma ga yawancin kayan da muke riƙewa. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aiki a kansa a 1994, aka ba shi laƙabin wani sarkin Danmak na ƙarni na goma da ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. A kowane haɗi akwai mai aikawa da mai karɓa. Salula ita ce mai aika sauti. Ekutar mai karɓa ne, tabarau ma a wajen sauti mai karɓa ne. Masu karɓa biyu ba su da abin da za su ba juna, kamar mabarata biyu ne da suka haɗu a ƙofar gida ɗaya. Shi ya sa wanda ya ɓata yini yana neman ekutar ya "ga" tabarau ba zai ci nasara ba. Kowannensu da salula ake haɗa shi.

Ga yadda ake yi. A fara da tabarau: a cika masa caji, a sauke manhajar kamfaninsa in yana da ita, a bi matakanta har ya haɗu. Sai a buɗe akwatin ekutar, a danna maɓallinsa har fitila ta fara ƙiftawa, a shiga wurin saitin salula, wato Paramètres, a buɗe Bluetooth, a taɓa sunansa. Yanzu duka biyun suna jerin kayan da salula ta sani. Abin da ke rikita mutane shi ne yawancin salula na tura sauti wuri ɗaya ne a lokaci guda, kuma galibi wanda ya haɗu a ƙarshe shi ke ƙwace shi. A salula mai Android, a taɓa alamar saiti da ke gefen sunan tabarau, a kashe masa sautin waƙa da bidiyo, in ana so har da na kira. Daga nan sauti zai bi ekutar, tabarau kuma ya ci gaba da aikin kamara. Wasu salulolin Samsung suna da tsarin da ke tura sauti ga kaya biyu a tare, sai dai ɗaya kan riga ɗaya da ɗan kaɗan, ka ji murya tana amsa kuwwa. In sauti na yankewa, a goge sunayen tsofaffin kayan da ba a amfani da su, a kashe Bluetooth a sake kunnawa. In baki na motsi a bidiyo kafin murya ta iso, jinkirin Bluetooth ne, kuma ya fi yawa a ekutar mai araha. Ba laifin mai gyara ba ne.

Wanda ke shirin kashe kuɗinsa ya kuma san waɗannan. Batirin Ray-Ban Meta na 2023 wajen awa huɗu yake yi kafin a mayar da shi akwatinsa, kuma kun san halin kuran ɗinmu. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana tsufar da batiri da wuri, balle in an bar kaya a gaban mota. Ƙurar hunturu na toshe ramukan makirfo. Sashen da ake yi wa magana ya ba da amsa yana bukatar intanet mai ƙarfi, ga tsadar data, ga rezo da ke zuwa yana tafiya da zarar an bar gari an nufi Gueskerou ko Toumour. Yana jin Ingilishi da Faransanci da wasu harsunan Turai, ba ya jin Barbarci, ba ya jin Fulatanci ko Tubanci. Kamfanin bai sa Nijar cikin ƙasashen da yake sayar da shi a hukumance ba, saboda haka in ya lalace babu wanda za ka kai wa ƙara.

Wannan ita ce amsar. Yanzu mu tsaya mu dubi abin da muke haɗawa.

Masu ƙera tabaraun nan da gangan suka bar kunne a buɗe. Lasifikar tana zaune ne a gefen kunne, don mutum ya ji kiransa kuma ya ji hon ɗin mota. In ka ɗora ekutar a kai, musamman irin mai danne ƙarar waje, ka rushe wannan dabarar. Ka zama mutum mai ido yana ɗaukar jama'a, kunne kuma ba ya jin su.

A wani gari wannan zai iya zama batun ladabi kawai. A Diffa ya wuce nan. Tun ranar 6 ga Fabrairu 2015, da aka kai hari Bosso da Diffa, kunnenmu ya koyi aikin da ba mu taɓa roƙa masa ba. Cikin kwanaki kaɗan aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka sa dokar hana fita da dare. Mun koyi bambance ƙarar taya da ta fashe da ƙarar da ba ta taya ba. Manomin tattasai a bakin Komadugu yana sunkuye yana ban ruwa, amma rabin hankalinsa na wajen abin da iska ke kawowa daga ƙetare. Uwa a tsakar gida tana gane cewa unguwa ta yi shiru irin wanda ba na lafiya ba. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, mu kam mun ga inda ya tsirar da jika ma. Saurayin da ya toshe kunnuwansa biyu a hanyar gona, ko ya tunkari shingen jami'an tsaro ana ce masa ya tsaya bai ji ba, ya sa kansa cikin haɗarin da waƙar da yake ji ba ta kai ba. Ko a cikin gari, babbar hanyar RN1 da ta taso daga Yamai tana ratsa mu da manyan motoci, ga adaidaita sahu da suka cika tituna bayan hana babur.

Akwai kuma lafiyar kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara fiye da kima. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba wannan lokacin biyu. Mu da ke sauraro kusa da injin ban ruwa ko janareto, dole mu ƙara murya don mu ji, a nan ne ɓarnar take. Jin da ya mutu ta wannan hanya ba ya dawowa. Wanda ya cire ekutar ya ji kunnensa na tsuwa, gargaɗi ne ya same shi.

Sai gaisuwa. Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa. Bamange zai yi maka wushe wushe ya tambayi gida da gajiya da dabbobi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Yanzu dattijo zai ce "sannu yaro", yaro ya wuce kamar bango aka yi wa magana. Dattijo ya ɗauka raini ne, alhali wani ɗan abu ne fari a ƙarƙashin hula ko ɗankwali. Da ekutar mai igiya ne, ko daga nesa ka ga igiyar ka yi uzuri. Tun da kamfanin Apple ya cire ramin ekutar daga iPhone 7 a 2016, sauran suka bi, Oraimo da ire-irensa suka kawo mai araha, alamar ta ɓace. Ba ka san wanda ke jin ka ba. In tabarau ya shigo, ba za ka san wanda ke ɗaukar ka ba.

Wannan na biyun shi ya fi nauyi. In mutum ya ɗaga salula, kowa ya gani. Mace na iya jan mayafi, mai tebur na iya cewa "malam, sauke". Ɗaga hannun nan shi kansa wani irin neman izini ne, ko da na dole. Tabarau ya kawar da shi. Mutum na kallon ka yana gyaɗa kai, alhali bidiyo ke tafiya, kuma Ray-Ban Meta na iya watsa shi kai tsaye a Facebook ko Instagram. Gaskiya ne akwai ɗan farin haske da ke kunnuwa a gefen gilashin in ana ɗauka, kuma kamfanin ya yi shi yadda in an rufe hasken kamara ba ta farawa. Amma tun a 2021, da aka fitar da samfurin farko, hukumomin kare bayanan jama'a na Ailan da Italiya sun nuna shakku ko ɗan hasken ya isa sanar da mutane. Ku auna shi da ranar Diffa ta ƙarfe goma sha biyu a tsakiyar kasuwa. Wa zai gan shi? Kwaikwayon da zai biyo baya da araha kuwa, babu mai tilasta masa sa haske ko kaɗan.

A watan Oktoba na 2024 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard a Amurka suka nuna abin da ake iya yi. Sun jona bidiyon tabaraun da wata manhajar gane fuska, suka riƙa samun sunan baƙon da suka kalla a hanya, wani lokacin har da adireshinsa. Sun ce sun yi ne don faɗakarwa, ba su saki manhajar ba. Sai dai abin da ɗalibai biyu suka iya, wasu ma za su iya.

Mu tuna su wa ke zaune tare da mu. Jihar nan ta karɓi mutane sama da dubu 200 da rikici ya raba da gidajensu, wasu daga Damasak da Malam Fatori, wasu daga tsibiran Tabkin Chadi da ƙauyukan bakin kogi. Wasu na sansanin Sayam Forage, wasu a bukkoki a gefen RN1, wasu a zaurukanmu. A cikinsu akwai wanda ya gudo daga hannun masu bindiga kuma ba ya son a san inda ya sauka. Akwai matar da ta dawo daga garkuwa tana neman a manta da ita ta fara sabuwar rayuwa. Akwai ɗan kasuwar da in aka ga yawan buhunan tattasai ko kwalayen banda da ya loda, masu satar mutane don kuɗin fansa za su sa shi a lissafi. Akwai wanda aka ɗauka yana gaisawa da soja, a fassara shi da mai kai rahoto. A wajen waɗannan, bidiyon minti ɗaya da wani ya ɗauka don nishaɗi na iya zama sanadin tashi daga gari, ko abin da ya fi haka muni. Mai tabaraun ma bai tsira ba: kamara a fuska kusa da bariki, ko gadar Dutsi, ko ayarin sojoji, magana ce da ba za ta ƙare a bakin hanya ba.

Ba yau Bluetooth ya fara koya mana darasi ba. Manyanmu na tuna lokacin ƙananan Nokia, da muke tura wa juna wa'azi da waƙa da karatu ba tare da kashe ko dala ba. Ta wannan hanyar ce a 2007 wani bidiyon sirri da aka ɗauka da salula ya bazu a Kano, ya tsallaka har ƙasarmu, ya girgiza harkar finafinan Hausa har hukumar tace finafinai ta dakatar da ɗaukar fim na watanni. Wadda abin ya shafa ita ta ɗauki nauyin, masu turawa kuwa babu wanda ya tambaye su. A lokacin ba a yi maganar ƙa'ida ba sai da ɓarna ta auku. Wannan karon muna da damar yin ta tun da wuri.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijar na da dokar kare bayanan sirri na mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma an kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Hoton fuska da murya na cikin bayanan mutum. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a 2024. Amma Yamai na da nisan sama da kilomita 1,300 daga nan, kuma matar da aka ɗauka a bakin rijiya ba za ta rubuta wa wata hukuma takarda ba. Abin da zai kare ta shi ne kunyar mai tabarau da bakin maƙwabta. Addininmu ya riga doka: Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma an koya mana yin sallama a nemi izini kafin a shiga gidan wani. Wanda aka yi wa izinin shiga, shi aka yi wa. Ba a yi wa mabiyansa dubu na Facebook ba.

Kada wani ya ce muna gaba da zamani. Kayan nan na da amfani na gaske. A 2024 Meta ta jona tabaraunta da manhajar Be My Eyes, wadda ke haɗa makaho da mai sa kai ya gaya masa abin da ke gabansa. Ko ba wannan ba, kiran bidiyo na WhatsApp ta tabarau na nufin makaho zai iya kiran ɗansa ya karanta masa takardar magani ko ya gaya masa kuɗin da aka ba shi canji. Manomi hannunsa cikin laka zai iya nuna wa malamin gona tsutsar da ke cin tattasansa. Bakanike a ƙarƙashin mota zai iya nuna wa maigidansa da ke Zinder inda mai ke zuba. Ɗalibin Jami'ar Diffa zai iya sauraron darasi yana tafe kunnensa a buɗe. Ku lura, duk waɗannan ayyuka babu wanda ke bukatar a toshe kunne, babu kuma wanda ke bukatar a ɗauki wani bai sani ba.

Ga abin da muke ganin ya kamata mu ɗauka a tsakaninmu, ba sai gwamna ya sa hannu ba. Mai tabarau mai kamara ya cire shi in zai shiga gidan mutane, ko masallaci, ko asibiti, ko wurin rabon taimako, ko zaman makoki. In zai ɗauki wani, ya faɗa da baki ya jira amsa, kuma yaro da mace iyayensu ko su kansu ne ke da ikon cewa a'a. In aka tambaye ka "wannan yana ɗauka ne?", kada ka ji haushi, mai tambaya na da haƙƙi. A hanya, a gona, a bakin kogi, a kusa da shinge, ekutar ɗaya ya isa, in ma an bar shi a aljihu ya fi. In babba ya yi maka magana, cire shi ya gani, ka ce "na'am baba". Haɗa tabarau da ekutar a bar shi ga zaman ɗaki, ko doguwar tafiyar bas zuwa Zinder inda ba ka son damun na kusa da kai.

Masu shagunan salula, ku ne malaman farko a wannan harka. Duk wanda kuka saita wa kaya, ku nuna masa inda hasken ɗauka yake, ku gaya masa amfaninsa. In ya ce ku kashe masa hasken ko ku rufe shi, ku ƙi, ku kuma tambaye shi wa yake son ɗauka a ɓoye. Shugabannin fadodi, ku sa maganar cikin hirar shayi. Malamai da limamai, ku taɓo ta a huɗuba kamar yadda kuka taɓo tura jita-jita a WhatsApp. Gidajen rediyonmu su yi ta da Barbarci da Fulatanci da Tubanci da Larabci, don wanda za a ɗauka ya san cewa akwai tabarau mai gani da ajiyewa. Iyaye kuma, in yaro ya shigo da sabon tabarau, ku karɓa ku duba kusurwoyin gilashin na sama. In kun ga ɗan zagayen ido a wurin, ku zaunar da shi.

Mun sha wahala kafin mu kai inda muke. Noman tattasai da kamun kifi da aka taƙaita mana shekaru sun dawo, kasuwa na ci, baƙin da muka sauka sun zama maƙwabta da surukai. Abin da ya riƙe mu shi ne mutum na iya zama kusa da ɗan uwansa ya saki jiki ya yi magana. In muka kai ranar da kowa ke kallon tabaraun kowa da zargi, mun yi asarar da ta fi jika 150 nesa ba kusa ba.

Wanda ya gwada haɗin bai yi ba, ya kai wa mai gyara na unguwarsu wannan bayani, minti biyar ya isa. Wanda ke da ƙari ko gyara a kan ƙa'idojin nan, muna sauraro. Allah ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da waɗanda ke gudun hijira gidajensu cikin aminci. Amin.